Shafin ba naka ba ne, Alhaji

Ɗan kasuwar Nima ko Mamobi a Akra ya san abin da zai yi idan aka ɓata masa suna. Zai bi diddigin maganar har ya gano bakin da ta fito. In mai maganar ya fi ƙarfinsa, ko yana jin nauyinsa, sai ya kai kuka wurin sarkin zango ko limamin unguwa. A zauna, a kira shaidu, wanda ya yi ƙarya ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, a shafa fatiha a tashi. Da wannan tsari kakanninmu suka yi fataucin goro da shanu tun daga Salaga har Kumasi, babu takarda babu sa hannu, sai suna da amana. Yau kuma ga wani wuri da ake rubuta tarihin kamfanin mutum ba tare da an tambaye shi ba. Wanda ya rubuta ba a san fuskarsa ba, babu sarkin da zai aika a kira shi, kuma duk wanda ya buga sunan kamfanin a Google da wuya bai fara sauka a can ba. Wikipedia nake nufi, kundin bayanan nan na intanet da kowa zai iya shiga ya yi rubutu a ciki.

Kada wani ya ce wannan damuwar manyan kamfanonin Turai ce. Mutumin Guangzhou ko Dubai da zai ba ka kaya bashi yana bincikenka a waya kafin ya amsa saƙonka. Ma'aikacin banki da ke duba takardunka na neman rance haka yake yi. Manhajojin nan da yara ke yi wa tambaya suna amsawa kamar mutum, su ma da yawa daga abin da suke faɗi a can suka kwaso shi. Ga mu kuma a ƙasar da ta sha wuyar rushewar bankuna. A Agustan 2017 Babban Bankin Gana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank, a Agustan 2018 ya haɗe wasu bankuna 5 ya mai da su Consolidated Bank Ghana, a 2019 kuma ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da bashi 347 a rana ɗaya. Mutanen da suka ga wannan da idonsu ba sa tsayawa tantance labari. A ce wani ya shiga shafin wani kamfanin ajiya ya rubuta layi ɗaya na ƙarya cewa an soke lasisinsa, wani ya ɗauki hoton allon ya jefa a WhatsApp bayan sallar isha'i. Kafin hantsi layin masu neman kuɗinsu ya fito titi. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wanda ya rasa abokan cinikinsa a cikin mako ɗaya zai yi maka musu.

Duk da haka ra'ayina shi ne mai kamfanin da aka yi wa ƙazafi a can ya danne zuciyarsa, ya bar gyaran ɓoye, ya ajiye lauya a gefe tukuna, ya fito fili da sunansa da hujjarsa. Na san maganar tana da nauyi ga wanda ke cikin zafi. Amma sauran hanyoyin an gwada su, kamfanonin da suka fi namu kuɗi da lauyoyi sun gwada, kuma sakamakon yana nan a rubuce.

Wani dattijo da nake kira Kawu yana da kamfanin dakon kaya daga Tema zuwa arewa. Wani wanda har yau ba a san ko wane ne ba ya rubuta a shafin kamfanin cewa an taɓa kama motocinsa da kayan fasa-ƙwauri, abin da bai taɓa faruwa ba. Kawu ya kira ƙaramin ɗansa ya ce ya shiga ya goge wannan shirmen. Yaron ya buɗe akawun da sunan kamfanin, ya share sakin layin gaba ɗaya bai faɗi dalili ba, kuma don ya faranta wa mahaifinsa ya ƙara da cewa kamfanin shi ne mafi aminci a Afirka ta Yamma. Wani mai sintiri, cikin masu sa ido kan sababbin gyare-gyare, ya ga sabon akawun da sunan kamfani ya goge suka ya zuba yabo, sai ya mayar da shafin yadda yake, har da ƙaryar. Yaron ya sake, aka sake mayarwa, aka toshe akawun ɗin. Da na je gaishe shi Kawu yana huci.

"Ɗana, kamfanina ne fa. Da gumina na kafa shi. Wane ne zai hana ni gyara abin da aka rubuta a kaina?"

Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Kamfanin naka ne, amma shafin ba naka ba ne."

Bai ji daɗi ba, amma haka abin yake. Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara Wikipedia a Janairun 2001, kuma tun 2003 gidauniyar Wikimedia, wadda ke San Faransisko a Amurka, ita ke riƙe da na'urorin. Gidauniyar ba ta rubuta shafuka. Masu aikin sa kai ne ke rubutawa, su ke gogewa, su ke zaɓen masu gudanarwa a tsakaninsu. Sashen Turanci ya kai shafuka miliyan 7, masu gudanarwarsa kuwa ba su kai 1,000 ba. Mai sintirin da ya mayar da gyaran ɗan Kawu wataƙila ɗalibi ne a wata ƙasa da bai taɓa jin sunan Tema ba. Ba gaba yake yi da kowa ba. Ya ga alamar da ya saba gani kullum, ta kamfanin da ke wanke kansa, ya danna maɓalli ya wuce.

Kuma yana da dalilin zargi. A 2007 wani matashi mai suna Virgil Griffith ya ƙera manhajar WikiScanner wadda ta nuna daga kwamfutocin wane ofishi aka yi wane gyara, sai ga manyan kamfanoni da hukumomi an kama su suna share abin da ba su so a kansu. A 2013 aka toshe akawun sama da 250 da aka danganta da wani kamfanin tallata suna mai suna Wiki-PR. A 2014 gidauniyar ta sa a ƙa'idojinta cewa duk wanda ake biya don ya yi gyara dole ya bayyana wanda ya biya shi. Wani abin da mutanenmu ba su lura da shi ba shi ne cewa kowane shafi yana da tarihi a buɗe. Kowace kalma da aka ƙara ko aka cire tana nan da ranarta da lokacinta da sunan wanda ya yi. Gyaran da aka yi a ɓoye cikin dare, ɗan jarida zai iya tono shi bayan shekara biyar, kuma labarin "kamfani ya goge zargin da ake yi masa" ya fi zargin kansa daɗin bugawa.

Daga nan sai a koma wurin 'yan kamasho. A kowane bes na samari, wurin shan ataya, akwai wanda zai ce maka yana da mutum a ciki, ka turo masa kaza ta MoMo, wato kuɗin waya, a gyara maka. Wasu ma su ke fara aiko maka da imel, su nuna maka ɓarnar su ce za su iya maganinta. Ni dai in na ga wanda ya zo da cuta da magani a hannu ɗaya, tambayar da nake yi ita ce wa ya fara kawo cutar. A 2015 masu gudanarwa suka toshe akawun 381 na wani gungu da aka yi wa laƙabi da Orangemoody. Sana'arsu ita ce su nemi 'yan kasuwa su karɓi kuɗi su buga musu shafi, daga baya su dawo su nemi kuɗin wata-wata na gadi, wai don kada a goge ko a ɓata. Babu wani mutum a ciki da zai iya sayar maka da tabbaci, domin abin da ya rubuta yau wani zai iya warwarewa gobe kyauta. In kuma aka gano hannun ɗan haya ne, sai a manna wa shafin sanarwa a sama cewa ana zargin an biya kuɗi aka rubuta shi. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Sai lauya. Nan ne na fi son a yi hattara, don nan ne manyanmu suka fi saurin zuwa. A sashen Turanci akwai ƙa'ida tsayayya: wanda ya yi barazanar kai ƙara a kan shafi ana toshe shi har sai ya janye ko an gama shari'ar. Wato ranar da ka rubuta "lauyana zai neme ku", ranar ka rufe wa kanka bakin da za ka yi bayani da shi. In kuma ka ce gidauniyar za ka kai ƙara, dokar Amurka ta 1996, sashe na 230, ta ce mai riƙe da dandali ba a ɗaukarsa a matsayin mawallafin abin da wasu suka rubuta. Wata dokar ta 2010 kuma ta hana kotunan Amurka zartar da hukuncin ɓata suna na wata ƙasa sai in ya dace da ma'aunin 'yancin magana nasu. Ka iya cin nasara a Babbar Kotun Akra ka dawo gida da takarda a hannu, shafin yana nan yadda yake.

Akwai wanda ya gwada da gaske. A Yulin 2024 kamfanin dillancin labarai na ANI a Indiya ya kai gidauniyar ƙara a Babbar Kotun Delhi, yana neman diyyar rupi miliyan 20, kuɗin Indiya, saboda abin da shafinsa na Wikipedia ya ruwaito na zargin cewa yana yi wa gwamnati farfaganda. Kotu ta nemi a ba da bayanan waɗanda suka yi rubutun, ta kuma sa aka sauke wani shafi da ke ba da labarin shari'ar ita kanta. A Mayun 2025 Kotun Ƙolin Indiya ta soke umarnin sauke wannan shafin. A tsakanin nan jaridun duniya sun maimaita zargin sau ba adadi, ya isa kunnen mutanen da ba su taɓa sanin akwai ANI ba. A Faransa ma, a 2013, jami'an leƙen asirin cikin gida sun tilasta wa wani mai aikin sa kai ya goge shafin wata tashar sadarwa ta soja. Wani daga wajen ƙasar ya dawo da shi, kuma a 'yan kwanakin ya zama shafin da aka fi karantawa a sashen Faransanci. In hukumar leƙen asiri ta kasa, ina ga mai motocin dako.

Ko a gida shari'ar ɓata suna doguwar tafiya ce. Ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya kai ɗan siyasa Kennedy Agyapong ƙara a 2018, sai a 2023 Babbar Kotun Akra ta yanke hukunci ta kori ƙarar. A Amurka, a 2025, masu taya alƙali hukunci suka ce a biya Anas dala miliyan 18, daga baya alƙali ya mai da kuɗin dala 500. Wannan fa inda aka san mai maganar da sunansa da fuskarsa. Ban ce kotu ba ta da rana ba. In an gano wanda ya yi ƙazafin, abokin gasa ne a nan cikin gari, kuma asarar a bayyane take, to ƙofar kotu a buɗe take, shi za a kai ba Wikipedia ba. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne kiran 'yan sanda. A 2001, zamanin Kufuor, lokacin Akufo-Addo yana babban lauyan gwamnati, majalisa ta soke dokar da ta mai da ɓata suna laifin ɗauri. Sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960, wanda ke magana kan yaɗa labarin ƙarya mai tada hankalin jama'a, yana nan bai mutu ba, kuma ana ganin yadda masu ƙarfi ke kwaɗayin ɗauko shi. Ɗan kasuwar da ya sa aka kulle yaro a ofishin 'yan sanda saboda layi biyu a intanet ya ba mutane labarin da ba zai taɓa iya gogewa ba, kuma wannan karon gaskiya ne.

To me ya rage? Abin da ya rage yana da gajiyarwa, amma yana aiki. Da farko a buɗe tarihin shafin a ga wane ne ya sa maganar, yaushe, kuma me ya taɓa rubutawa a wasu wurare. A ajiye adireshin wannan gyaran. Sannan a duba ƙarshen jimlar, ko akwai 'yar lambar nan da ke nuna majiya. In babu, rabin aikin ya ƙare, domin ƙa'idar wurin ita ce nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sa magana, ba kan wanda ya ce a cire ba. In zagi ne tsagwaronsa ko ɓarna bayyananniya, ko mai kamfani an yarda ya cire, muddin ya faɗi ko shi wane ne da dalilinsa a layin bayani, ya kuma tsaya nan bai ƙara yabo ba. In aka mayar, kada ya shiga ja-in-ja. Wanda ya warware gyara fiye da sau 3 cikin awa 24 toshe shi ake yi ko da shi ke da gaskiya.

Hanyar da ta fi ita ce mutum ɗaya daga kamfanin ya buɗe akawun da sunansa shi kaɗai, ba sunan kamfani ba, ya rubuta a fili cewa ga inda yake aiki. Kowane shafi yana da shafin tattaunawa a bayansa. Can zai je ya rubuta gajeriyar buƙata: jimla kaza ba gaskiya ba ce, ba ta da majiya, ga jerin kamfanoni masu lasisi a shafin Babban Banki, ko ga sanarwar hukumar abinci da magunguna, ko ga rahoton Daily Graphic na rana kaza, ina roƙon a cire. Ba wa'azi, ba tarihin wahalar da mahaifinsa ya sha. Akwai alamar da ake sawa ta jefa buƙatar cikin layin da masu aikin sa kai ke dubawa. In shiru ya yi yawa akwai zaurukan kai koke, akwai kuma adireshin imel na masu amsa ƙorafi a asirce, ana samunsa ta mahaɗin tuntuɓa da ke ƙasan kowane shafi. In mai ɓarnar ya nace, ana iya roƙon a kulle shafin ta yadda sai akawun da ya yi kwana 4 da gyara 10 zai iya taɓa shi, ko ma a tsananta fiye da haka. In yana canza suna yana dawowa, akwai amintattun da ke da izinin duba ko mutum ɗaya ne. Ƙazafi mai muni kuma ana iya ɓoye shi har daga tarihin, kada mai tono ya tarar da shi.

In aka ambaci sunan mai kamfanin shi kansa, ƙa'ida ta fi tsauri, kuma tana da asali. A 2005 wani ya rubuta a shafin tsohon ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan John Kennedy da ƙaninsa Robert, alhali shi mataimakin Robert ne, yana ma cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Ƙaryar ta yi wata huɗu babu wanda ya kula. Da aka gano wanda ya yi, ashe wasa yake yi wa abokin aikinsa. Dattijon bai kai shi kotu ba, ya dai rubuta a jarida ya tona asirin sakacin. Bayan wannan ne aka kafa ƙa'idar cewa mummunar magana a kan rayayyen mutum, in ba ta da majiya mai ƙarfi, a cire ta nan take ba sai an tattauna ba. Wanda aka taɓa sunansa ya ambaci wannan ƙa'idar a buƙatarsa, za a fi saurin kula shi.

Inda abin yake da wuya shi ne in ƙaryar tana da majiya. Wani shafin labarai ya buga ta, wani ya kwafa, na uku ya kwafa daga na biyu, kamar yadda aka saba a nan. Wani lokaci ma daga Wikipedia ɗin suka ɗauka tun farko, sai a dawo a kafa hujja da su. Mai aikin sa kai ba zai ɗauki rantsuwarka ya bar abin da aka buga ba, ba kuma zai karɓi takardar da ka ɗauko daga akwatinka ba, don ba shi da yadda zai tabbatar da ita. Nan sai a bar Wikipedia a koma tushe. Tsarin mulkinmu na 1992, sashe na 162, ya wajabta wa duk kafar da ta buga magana a kan mutum ta buga martaninsa, kuma Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa tana sauraron irin wannan koke. Wannan haƙƙi ne da 'yan kasuwarmu suka bari yana kwance. A nemi jaridar ta gyara a rubuce. A gayyaci masu tantance labari irin su Dubawa ko GhanaFact su bincika. Ranar da gyaran ya fito, a ɗauke shi a kai shafin tattaunawa. Daga nan da wuya wani ya tsaya musu.

Yanzu bari in faɗi ɓangaren da ba a so. Da yawa daga abin da masu kamfani ke kira ɓata suna gaskiya ce da ba su so a tuna. Hukuma ta ci su tara, ma'aikata sun yi yajin aiki kan albashi, kotu ta yanke hukunci a kansu, jarida ta buga. Irin wannan ba za a cire ba, kuma bai kamata a cire ba. Matan zango nawa suka zuba kuɗin adashinsu a kamfanin ajiya na DKM kafin a dakatar da shi a 2015? Mutum nawa suka kai jarinsu kamfanin zinare na Menzgold kafin hukumar kula da hannun jari ta tsayar da shi a Satumban 2018? Da a ce kowane kamfani yana da ikon share gargaɗin da hukuma ta yi a kansa daga inda mutane ke dubawa, da waɗanda suka shiga sun fi haka yawa. Tsarin da ya hana Kawu goge ƙarya da hannunsa shi ne ya hana ɗan damfara goge gaskiya da nasa, kuma daga nesa mai sintiri ba ya iya bambance su sai da hujja. Abin da mai kamfani zai iya nema a nan shi ne adalci a awo: in an ambaci tuhuma a ambaci cewa kotu ta wanke shi, in matsala ce ta shekara ɗaya kada ta cinye rabin shafin kamfanin da ya yi shekara talatin yana aiki. Wannan buƙata ce da ake saurara.

Akwai ƙorafin da na yarda da shi, ba kuma zan ɓoye ba. Tsarin nan bai yi wa irinmu daidai ba. Shafin babban kamfanin Amurka ɗaruruwan mutane ke sa masa ido, ɓarna ba ta minti biyar. Shafin kamfanin Gana mai matsakaicin ƙarfi wataƙila babu mai duba shi ko ɗaya, ƙarya ta kwana ta wuni ta shekara. Buƙatar gyara kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, alhali hoton allo a WhatsApp dare ɗaya ya ishe shi. Ga kuma batun majiya. Sunan ɗan kasuwar zango a baki yake, a masallaci, a Tudu, a kasuwar shanu ta Tulaku, a shirye-shiryen Hausa na Marhaba FM ko Zuria FM da iska ke ɗauke su da zarar an gama. Mutum ya yi shekara arba'in bai ci amanar kowa ba, amma babu layi ɗaya a rubuce da ya ce haka. Rana ɗaya tak aka buga sunansa, ranar da wani abu ya lalace. In aka auna shi da abin da aka buga kawai, an cuce shi ko da ba a yi masa ƙarya ba.

Sai dai laifin nan muna da kaso a ciki. Mun raina rubutu. Alhaji zai kashe dubban sidi a walimar buɗe sabon reshe, ba zai kira wakilin Ghana News Agency ko na wata jaridar kasuwanci ya zo ya gani ba. Shafin kamfanin na intanet, in ma akwai, lambar wayar da ke kai ta mutu tun bara. Ba cewa nake a sayi labari ba, masu aikin sa kai sun iya gane tallar da aka yi wa rigar labari. Cewa nake a bar ƙofa a buɗe ga ɗan jarida mai tambaya, a riƙa sabunta rajista a ofishin rajistar kamfanoni, a ajiye abin da aka buga, domin ranar da za a buƙaci hujja ba ta sallama.

Kuma masu rubutun nan ba aljanu ba ne, wasu maƙwabtanmu ne. Felix Nartey, ɗan Gana, shi aka zaɓa gwarzon Wikimedia na duniya a 2017, Sandister Tei ta samu a 2020. A Akra akwai ƙungiyar Wikimedia ta Gana da Open Foundation West Africa, suna koyar da gyara. 'Yan uwanmu Dagomba sun tsaya har suka samu sashensu na Dagbani a 2021. Sashen Hausa ya daɗe, amma yawancin masu raya shi a Najeriya suke, su kuwa ba za su san wane kamfani ne na gaskiya a Asawase ko Ashaiman ba. Matasan zango da ke kwana a Facebook da TikTok, da goma daga cikinsu za su koyi aikin nan da gaske, su riƙa sa ido kan shafukan da suka shafi garuruwanmu, da ƙarya ba ta daɗe haka ba. Ba don su zama karnukan farautar wani Alhaji ba. Wanda ya shiga don ya kare kamfanin kawunsa shi ma ɗan haya ne, ko ba a biya shi ba, kuma ƙa'idar bayyana alaƙa ta hau kansa.

Maganar Kawu dai ta warware ta hanyar da na zayyana. Babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da lissafin kamfanin, ta buɗe akawun da sunanta, ta faɗi matsayinta, ta nuna cewa jimlar ba ta da majiya. Wani da ba mu sani ba ya duba ya cire, ya kuma cire wasu kalmomin yabo biyu da suka daɗe a shafin waɗanda Kawu yake so. Ta sa shafin a jerin sa idonta, duk wanda ya taɓa shi saƙo zai shigo mata.

Abu ɗaya da ake mantawa bayan an gyara: kowane harshe da nasa shafin, da nasa masu gudanarwa, da nasa ƙa'idoji. Cire magana a Turanci bai cire ta a Hausa ko Faransanci ba, kuma sau da yawa fassara aka yi tun ƙaryar tana ciki. Mai kai kaya Lome, Wagadugu ko Yamai, abokan cinikinsa na Faransancin za su buɗe. Akwai kuma shafukan da ke kwafe Wikipedia gaba ɗaya su ajiye, tunda lasisinta ya ba da damar haka, wasu ba sa sabuntawa. Waɗannan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da wasiƙa, a haɗa da adireshin gyaran da aka yi, a kuma danna wurin kai rahoto da ke jikin akwatin bayanin da Google ke nunawa in har tsohuwar maganar tana fitowa a can.